Gusar da Cuta da Wata Cuta: Mas'alar Mai Dashe da Fumfuna

Daga cikin ƙa'idojin da malaman fiƙihu suka gina rassan shari'a masu yawa a kansu akwai wadda ta wajabta gusar da cuta, sa'an nan suka biyo ta da ƙaidi, cewa ba a gusar da ita da wata cutar da ta kai ta girma ko ta fi ta. In kuwa cuta biyu suka tare mutum, ya zama ba shi da mafita sai ta cikin ɗayarsu, to sai ya bi ta wadda ta fi sauƙi. Wannan magana tana da daɗin karantawa a zaure, inda malami ke kawo misalin jirgin ruwan da aka zubar da kayansa a teku don a tsirar da mutanen ciki, almajirai kuwa su gyaɗa kai, domin babu mai shakkar cewa rai ya fi kaya. Amma akwai wata mas'ala da zamani ya zo da ita, wadda ba a auna ta sau ɗaya a huta, sai dai a auna yau, a sake aunawa jibi, har iyakar ran mai ita. Ita ce mas'alar mutumin da aka dasa wa ƙodar wani, ko hantarsa, ko huhunsa, aka kuma wajabta masa shan maganin da zai raunana garkuwar jikinsa da gangan, alhali kuwa garkuwar nan ita ce ke tsakaninsa da wata halitta da ke tare da mu ko'ina, wadda ba mu tunawa da ita sai mun gan ta a kan tuwon da ya kwana uku ko gyadar da danshi ya taɓa, wato fumfuna.

Asalin mushkilar shi ne, Allah Maɗaukakin Sarki ya sanya wa jikin ɗan Adam wani irin sani wanda ba na hankali ba, wanda da shi yake rarrabe nasa da wanda ba nasa ba, ko da mai jikin yana barci, ko yana jariri, ko hankalinsa ya gushe. Ƙwayoyin halittar jiki suna ɗauke da wata shaida a bayansu, wadda mutum ya gada rabi daga uwa rabi daga uba, fararen ƙwayoyin jini kuwa suna kewaya dare da rana suna duba ta, duk inda suka tarar da baƙuwar shaida sai su far wa mai ita. Wani masani ɗan Ingila, Peter Medawar, yana cikin na farkon da suka tabbatar da wannan da hujja, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da ake neman hanyar rufe raunukan waɗanda suka ƙone da fatar wasu mutane. Ya lura cewa fatar da aka ɗauko daga wani takan kama na 'yan kwanaki sa'an nan ta mutu, in kuwa aka sake ɗauko wata daga jikin mutumin nan na farko, to mutuwarta takan fi ta farko sauri, abin da ya nuna cewa jiki yana ƙi, kuma ba ya mance wanda ya ƙi. Saboda haka ne dashen ƙoda na farko da ya ɗore, wanda likita Joseph Murray ya yi a birnin Boston na Amurka ranar 23 ga Disamba 1954, ya kasance tsakanin tagwaye masu kama ɗaya, Ronald Herrick da ɗan'uwansa Richard, domin a wurinsu jiki bai sami abin da zai kira baƙo ba. Richard, wanda aka dasa wa ƙodar, ya ƙara shekara 8 a duniya ba tare da maganin danne garkuwa ba. Amma tagwaye nawa ne cikin masu ciwon ƙoda?

Mai karatu ya ƙaddara wani birni mai ganuwa irin na dā, da sarakunan ƙofa waɗanda aka yi wa umurni guda ɗaya tak, cewa duk wanda ba haifaffen birni ba kada ya kwana a ciki. Sai rijiyoyin birnin suka ƙafe, aka ɗauko gwanin haƙar rijiya daga wani gari, wanda in ba shi ba kowa zai halaka da ƙishirwa; sarakunan ƙofa kuwa ba su san bambancin baƙon alheri da ɗan hari ba, ba a kuma sami hanyar koya musu ba, saboda haka dabara ɗaya ta rage, a riƙa ba su abin da zai sa su gyangyaɗi kullum, gwargwadon da ba za su kori mai haƙar rijiya ba. To amma ƙofar da aka bari a buɗe dominsa ba ta tambayar sunan mai shiga. Duk abin da likitocin dashe suka yi tun farkon shekarun 1960, lokacin da aka fara haɗa azatiyofirin da firedinison, har zuwa yau, neman gwargwadon wannan gyangyaɗi ne.

An ga tsadar kuskure a wannan awo tun da wuri. Ranar 3 ga Disamba 1967 Christiaan Barnard ya dasa zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe a ƙirjin wani ɗan kasuwa, Louis Washkansky, a asibitin Groote Schuur na Afirka ta Kudu, labari ya gama duniya. Kwana 18 ya yi ya rasu, da aka binciki gawarsa kuwa sai aka tarar zuciyar lafiyarta ƙalau, huhunsa ne ciwo ya cinye, domin da alamun ciwon suka fara bayyana an zaci jiki ne ya soma ƙin baƙuwarsa, aka ƙara masa maganin danne garkuwa, alhali akasin haka yake bukata. Ƙwayoyin bakteriya ne suka kashe shi. Amma su bakteriya suna da magunguna masu yawa, kuma sukan nuna kansu da wuri. Fumfuna ta fi su haƙuri, ta fi su ɓoyuwa, magungunanta kuwa 'yan ƙalilan ne.

Ita fumfuna, da danginta irin su naman kaza da yisti, al'umma ce mai zaman kanta cikin halittu, ba a lissafa ta cikin tsirrai ko dabbobi, ko da yake masana sun ce ta fi kusa da dabba. Babban aikinta shi ne mayar da matattun abubuwa ƙasa, ganye ne ko kara ko kashin dabba, ba don ita ba da dazuzzuka sun cika da itatuwan da suka faɗi tun zamanin kakanni. Tana yaɗuwa da wani iri mai ƙanƙanta ƙwarai wanda ido ba ya gani, iska na ɗauke da shi, har an ƙiyasta cewa kowane mutum yana shaƙar ɗaruruwansa a kowace rana. Wanda ya san haka zai daina mamakin yadda take kama mai dashe, ya koma mamakin yadda sauranmu muka tsira, muka tsaya a kan makero da ƙyasbi waɗanda ba su wuce fata ba. Tsirar tana da sabubba. Na farko zafin jiki ne, domin mafi yawan jinsunan fumfuna ba su iya girma a zafin digiri 37. Waɗanda suka iya, in irinsu ya isa can ƙarshen huhu, sai ya tarar da wasu manyan ƙwayoyi masu haɗiya, su haɗiye shi kafin ya tsiro. Wanda ya kuɓuta musu har ya fara miƙa zarensa cikin nama, ya fi ƙarfin haɗiya, sai wani jinsin fararen ƙwayoyi, waɗanda suka fi yawa cikin jini, su kewaye zaren su zuba masa guba. Sama da waɗannan duka akwai ƙwayoyin da ake kira T, waɗanda ke ba da umurni, suke riƙe da tunanin abokin gaba, suke kuma gina wa wanda ya gagara kashewa kurkuku cikin nama, inda zai zauna shekara da shekaru bai mutu ba bai kuma motsa ba.

To waɗannan ƙwayoyi na T su ne ainihin masu korar gaɓar da aka dasa, su ne kuma magungunan dashe suka fi nufa. Sikulosiforin da takurolimus suna toshe wani sinadari a cikinsu mai suna kalsiniyurin, wanda in babu shi ba su iya aika kiran yaƙi. Maikofenolet yana hana su hayayyafa. Firedinison kuwa, wanda ya fi su tsufa da arha, shi ne ya fi su faɗin ɓarna, domin yana sanyaya masu haɗiyar nan har su haɗiyi iri su kasa kashe shi, yana ɗaga sukarin jini, yana kuma danne zazzaɓi da kumburi, waɗanda su ne ƙarar da jiki ke kai wa likita.

An yi wata ƙidaya a asibitocin dashe na Amurka tsakanin 2001 da 2006, wadda ta nuna cewa cikin cututtukan fumfuna da suka shiga cikin jikin masu dashen gaɓoɓi, kashi 53 cikin 100 na Kandida ne, wani yisti da ke zaune a hanji da bakin mutane da yawa ba tare da cutarwa ba sai ya sami sarari. Kashi 19 na Asfajilus ne, fumfunar ƙura da taki da ruɓaɓɓen hatsi. Kashi 8 kuwa na Kiriftokokus ne, wanda ake samu a ƙasa da busasshen kashin tattabaru. Kowanne da lokacinsa: na farko a watannin farko, sa'ad da rauni bai gama warkewa ba, na biyu wajen wata shida, na uku kuwa yakan jira har bayan shekara ɗaya da rabi, lokacin da dangi sun daɗe da daina zuwa gaisuwa, kowa ya ɗauka an gama. Adalci ne a faɗi cewa haɗarin ba ɗaya ba ne ga kowa, domin a ƙidayar nan mai dashen ƙoda da ya kamu a shekarar farko bai kai 2 cikin 100 ba, mai dashen huhu kuwa ya kusa 9, saboda huhu ne gaɓa ɗaya da ake dasawa kuma a bar ta a buɗe ga iskar duniya. Akwai kuma Niyumosistis, mai toshe numfashi, wanda har 1988 ba a san cewa dangin fumfuna ne ba, wanda kuma ake kare shi da Septrin ɗin nan da kowa ya sani, ana sha na wata 6 zuwa shekara.

Kiriftokokus ya cancanci a dube shi da kyau, saboda shi ne ya fi nuna ɗabi'ar wannan abokin gaba. Mutum zai yi mako biyu ko uku da ciwon kai mai nauyi wanda ba ya jin magani, babu wani zazzaɓin kirki, wuya ma bai sanƙare ba kamar yadda aka saba gani a sanƙarau, iyali su ce gajiya ce ko hawan jini, har ranar da za a lura ya fara mance sunayen 'ya'yansa. In Allah ya sa an kai shi inda aka san abin, sai a kwantar da shi a gefe, a naɗe shi, a soka allura tsakanin ƙasusuwan gadon bayansa a ɗebo ruwan laka, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, a gauraya da baƙar tawada, a duba a madubin likita. Fili duka zai yi baƙi, sai wasu 'yan ƙwallaye a warwatse, kowanne da farin zobe kewaye da shi inda tawada ta kasa shiga. Zoben nan riga ce mai santsi da yistin ya saka wa kansa don masu haɗiya su kasa riƙe shi. Sau da yawa kuma ba sabon kamu ba ne, tsohon ɗaurarre ne da ya shiga huhu tun mutumin yana yaro, ƙwayoyin T suka tsare shi shekara talatin, magani ya zo ya kwance shi.

A nan ne mas'alar ke wuce ɗakin likita ta shiga fagen masu tauhidi, domin in aka tambayi asalin magungunan nan da suka buɗe wa fumfuna ƙofa, sai a tarar da abin da ke sa mai hankali ya yi shiru. A 1969 wani ma'aikacin kamfanin Sandoz na birnin Basel a Suwizalan ya tafi hutu ƙasar Norwe, ya ɗebo 'yar ƙasa daga tudun Hardanger, kamar yadda kamfanin ya saba roƙon ma'aikatansa in za su yi tafiya. Daga ƙasar nan aka tsirar da wata fumfuna, daga fumfunar aka tace wani sinadari da aka sa ran zai zama maganin kashe fumfuna, ya kasa abin kirki a wannan fage, sai a 1972 aka gano yana kwantar da garkuwar jiki. Shi ne sikulosiforin, wanda Roy Calne ya fara bai wa masu dashen ƙoda a Kembirij a 1978, wanda kuma ya mayar da dashe daga gwajin masu ƙarfin hali zuwa magani na yau da kullum. Maikofenolet ma jikan wani sinadari ne da likita ɗan Italiya, Bartolomeo Gosio, ya fitar daga fumfunar lalatacciyar masara tun 1893. Rafamaisin kuwa, wani maganin danne garkuwa wanda aka samo daga wata ƙwayar ƙasa ta tsibirin Rapa Nui, da sunan maganin Kandida aka fara saninsa kafin a gane sauran aikinsa.

Dalilin wannan haɗuwa a wurin sikulosiforin shi ne, kalsiniyurin ɗin da ke cikin ƙwayoyin jininmu yana nan a cikin fumfuna ma, kusan da siffa ɗaya. A 1997 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka suka nuna cewa Kiriftokokus ba ya iya jure zafin jikin mutum in aka toshe masa wannan sinadari. Likitocin dashe kuma sun lura cewa masu shan takurolimus ko sikulosiforin, in cutar ta kama su, ba ta cika kaiwa ga ƙwaƙwalwa ba kamar yadda take yi wa waɗanda ba sa sha, mace-macensu ma sun fi ƙaranci. Wato ƙwayar magani ɗaya, a sa'a ɗaya, tana raunana mai gadi tana kuma raunana ɓarawo, sai dai raunin mai gadi ya fi yawa.

Malaman Sunna sun daɗe da cewa sharri tsantsa, wanda babu wata fuskar alheri a cikinsa, ba a samunsa cikin abin da Allah ya halitta. Abin da muke kira sharri na nisba ne, wato gwargwadon wanda ya faɗa wa da halin da ya same shi a ciki. Ban san misalin da ya fi fumfuna bayyana wannan ba, domin aikin da take yi a jikin mai dashe shi ne dai aikin da take yi a juji, wanda saboda shi manomi ke samun taki. Ba ta sāke ɗabi'a ba, abin da ya sāke shi ne jikin da ya daina gaya mata cewa da mai shi a ciki. Sai dai ina jin tsoron wata al'ada ta masu wa'azin zamani, waɗanda da sun ji irin wannan labari sai su yi gaggawar cewa ai don masu ciwon ƙoda aka halicci fumfunar Norwe. Wannan shisshigi ne cikin abin da ba a sanar da mu ba. Fumfunar tana da nata sha'anin, har an gano cewa a wani matakin rayuwarta tsutsar buzuzu take kamawa. Abin da ya tabbata a gare mu shi ne wanda Shehu Sanusi, mai littafin aƙidar nan da ake karantawa a zaurukanmu, ya kira hukuncin al'ada: an ga abu yana bin abu sau bayan sau, sai hankali ya ƙulla su, tare da sanin cewa ƙullin yana iya warwarewa. Ilmin likita duka a kan wannan hukunci yake zaune, kuma ya ishe shi daraja.

In cutar ta riga ta shiga, awon sai ya ƙara tsanani. Amfoterisin, wanda aka samo a 1955 daga ƙasar bakin kogin Orinoko, har yanzu shi ne mafi ƙarfin makami a kan sanƙarau ɗin fumfuna, amma ƙoda yake ci, ƙodar nan da aka sha wahala dominta. Fulukonazol da borikonazol sun fi shi sauƙi, sai dai suna hana hanta narkar da takurolimus, ya taru a jini har ya zama guba, shi ya sa ƙa'ida ta ce ranar da aka fara borikonazol a rage takurolimus zuwa sulusin abin da ake sha, ranar da aka daina kuwa a mayar da shi, in an mance jiki ya kori gaɓar. Rage maganin danne garkuwa kuma, wanda hankali ke cewa shi ne abu na farko, in aka yi shi da garaje sai garkuwa ta farka a firgice, ta far wa fumfunar da ke cikin ƙwaƙwalwa da kumburin da ya fi cutar kanta haɗari, wani lokaci ta haɗa da ƙodar. A nan fiƙihu yana da abin faɗa bayyananne. Mai dashen ƙoda yana da wurin komawa, wato injin wankin ƙoda, saboda haka in al'amari ya kai ga zaɓi tsakanin rai da gaɓa, kiyaye rai ne ke gaba, ko da majinyaci na jin nauyin ƙanensa da ya ba shi ƙodar har yana cewa gara ya mutu da ita. Kunya ɗabi'a ce mai kyau, amma ba ta cikin abin da ake sa wa a wannan ma'auni. Mai dashen zuciya ko huhu ba shi da irin wannan madogara, gaɓar ita ce ran, likitansa kuwa ba shi da hannun da zai saki.

Imamu Shaɗibi, wanda ya rasu a shekara ta 790 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Muwafaƙat cewa maslahohin duniya ba a samunsu tatattu, kowace tana gauraye da wahala, kowace ɓarna kuma da ɗan amfani a jikinta, shari'a kuwa tana hukunci ne da ɓangaren da ya rinjaya; Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya riga shi da fiye da ƙarni ɗaya, da aikin likita ma ya buga misalin wannan rinjayarwa. Imamu Gazali kuma, a babin tawakkali na Ihya'u, ya kasa sabubban kawar da cuta gida uku: yankakke, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, wanda barinsa haramun ne in ana tsoron halaka, wanda ake kyautata zato, kamar ƙaho da mafi yawan magunguna, da wanda wahami ne kawai. A ganina maganin danne garkuwa, ga wanda an riga an yi masa dashe, ya fi kusa da kashi na farko, domin al'ada ta tabbatar cewa mai barinsa zai rasa gaɓar, in ban da 'yan tsiraru da ba a gina hukunci a kansu. Wanda ya ji sauƙi bayan shekara biyu ya ajiye ƙwayoyinsa yana cewa ya dogara ga Allah, ya saki sababin da Allah ya ba shi ne; haka nan wanda ke shan ƙwayoyin a kan kari amma yake shiga rumbu yana kaɗe tsohuwar dawa, shi ma rabin sababin ya riƙe.

Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1985, ta halatta ɗaukar gaɓa daga rayayye bisa sharuɗɗa, cikinsu har da cewa nasarar aikin ta kasance tabbatacciya a al'ada ko mai rinjaye. Majalisar fiƙihu ta Jidda ma ta halatta dashe a 1988, ta hana cinikin gaɓoɓi. Tun da aka fara dashen ƙoda a Legas a 2000, sa'an nan a asibitin koyarwa na Aminu Kano a 2002, ban da masu tafiya Indiya da Masar, wannan fatawa ta zama tamu, kuma tambayar da ya kamata malami ya yi kafin ya maimaita ta ita ce: mece ce nasara? In ranar fita daga asibiti ake nufi, kusan kowa ya yi nasara. In kuwa shekara biyar ake nufi, to rinjayen ya dogara ne ga abubuwan da ba su cikin ɗakin tiyata: kuɗin ƙwayoyin kowane wata har mutuwa, da ɗakin gwajin da zai auna takurolimus a jini, inda majinyaci zai zo da sassafe bai sha na safe ba, sa'a 12 bayan na dare, da ƙwayarsa a aljihu yana jiran a ɗebi jini ya haɗiye, da kuma likitan da in ya ji ciwon kai na mako biyu zai tuna da tawada. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya, ya yi kashedi ga mufti kada ya ɗauki hukuncin da aka gina a kan al'adar wani gari ya ɗora wa mutumin wani gari ba tare da ya tambayi halin garinsa ba; ƙasa da kashi 2 cikin 100 ɗin da aka ƙidaya a Amurka an ƙidaya shi ne a inda waɗannan abubuwa suke.

Wani zai ce ashe ke nan talaka ya haƙura da dashe. Ban ce haka ba, domin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya fi dashe cin dukiya in shekaru suka taru, masu dashe kuma sun fi masu wanki tsawon rai da jin daɗinsa. Abin da nake ƙi shi ne yadda muke tara gudummawa: a yi shela a masallaci da rediyo, masu hali su ba da abin da ya ishi tiyata da kuɗin jirgi, a yi walima ranar dawowa, sa'an nan a watse, a bar mutum da jikin da aka kwance wa tsaro ba shi da kuɗin wata na huɗu. Ƙa'idar usulu ce cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne; wanda ya taimaka aka buɗe ƙofar yana da rabo cikin nauyin tsaronta, ya fi kyau masu zakka da masu waƙafi su yanka wa irin waɗannan bayin Allah abin wata-wata da a zuba musu duka a rana ɗaya.

Sauran nauyin kuwa na cikin gida ne, ba ya bukatar kuɗi sai kula. Gidajenmu suna da abubuwan da littattafan likitocin Turai ba su yi tunaninsu ba: akurkin tattabaru a soro, buhunan gyada a ɗakin da ake kwana, sussuka da sheƙa a tsakar gida da kaka, takin shanu da ake kwashewa kafin damina, tsohon rufin azara da jemagu suka daɗe a ciki, da garin magani da wata gwaggo za ta kawo a ƙunshe cikin leda saboda ƙauna, wanda Allah kaɗai ya san damina nawa ya yi a ajiye. Ba a ce a sayar da tattabaru ko a rushe rumbu ba. Amma sai a sami yaron da zai riƙa share akurkin bayan ya yayyafa ruwa, a mayar da buhunan wani ɗaki, a sa wa mai dashe takunkumi ranar da ake rushe gini a maƙwabta ko hazo ya yi kauri, gwaggo kuwa a karɓi ƙunshinta da hannu biyu, a yi mata godiya, a kai wa likita ya gani kafin a jiƙa.